Kodak PalmPix ko Eyemodule: wacce za ta shiga Palm IIIxe, wacce ta fi daɗin aiki?

Ɗan'uwa, ka ce kana da tsohuwar Palm IIIxe, 'yar kwamfutar nan ta aljihu, da har yanzu take tashi, ka kuma ci karo da kyamarori biyu na gwanjo a kasuwar intanet, Kodak PalmPix da Eyemodule. Kana so ka san wacce ta fi, kuma ko kowace daga ciki za ta yi maka. Bari in fara da tambaya ta biyu kafin kuɗinka su tafi a banza: Eyemodule ba za ta shiga Palm IIIxe ba, kome dabararka.

Abin da ke rikita mutane shi ne IIIxe ɗinka da na'urar da aka yi Eyemodule dominta manhaja ɗaya suke amfani da ita, wato Palm OS, har wasu masu sayarwa sukan rubuta cewa kyamarar ta Palm OS ce, su yi shiru daga nan. Amma Eyemodule ta Visor ce, na'urar kamfanin Handspring. Jeff Hawkins da Donna Dubinsky da Ed Colligan, waɗanda suka haifar da PalmPilot tun farko, su ne suka fice a 1998 suka kafa Handspring, suka fito da Visor a 1999. Abin da suka ƙara wanda Palm ba ta da shi shi ne wani rami a saman bayan na'urar mai suna Springboard, inda ake zura ƙarin kayan aiki: na'urar sauraren sauti, ta nuna hanya, har da wadda ke mayar da Visor wayar salula. Eyemodule a wannan rami take zama. Ita kuwa PalmPix a gindin Palm ake maƙala ta, a bakin nan da ake ɗora na'urar kan mazauninta idan za a haɗa ta da kwamfuta. Ƙofa daban, gida daban.

To, in aka ajiye wannan, wacce ta fi?

A takarda, Kodak ce gaba, kuma ba da ɗan tazara ba. Dukkansu a 2000 suka shigo kasuwa. PalmPix tana ɗaukar hoto mai launi na ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, jimilla ɗigo 307,200. Eyemodule ta farko, wadda kamfanin zane na IDEO ya yi tare da Blocks Products, iyakarta 320 da 240, wato ɗigo 76,800, rubu'in na Kodak cif. Tana kuma da ƙaramin hoto na baƙi da fari, 160 da 120. Farashin PalmPix a lokacin ya kusa dala 180, na Eyemodule kuma wajen dala 150. Saboda haka wanda burinsa ya kwashe hoto zuwa kwamfuta ya tura wa wani ta imel, ƙarin dala talatin ɗin nan ba asara ba ce. PalmPix tana da zuƙowa ninki biyu, amma kada ka ɗauke ta da muhimmanci: ba idon kyamarar ne ke motsi ba, tsakiyar hoton kawai ake yankowa. Babu mai filasha a cikinsu, kuma idon kowace a kafe yake, ba ya daidaita kansa da nisan abu. Da rana a waje za ka samu abin da za a iya kallo. A ɗaki bayan magariba kuwa, sai dai ka yi wa mutane bayanin abin da ka ɗauka.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda ya riƙe su a hannu ya san bambancin ya fi fitowa wajen aiki da su, kuma a nan Eyemodule ta yi wa Kodak fintinkau.

Ka ɗauki PalmPix. Da farko sai ka sa mata batiranta, ƙananan nan AAA guda biyu, ban da na Palm ɗin. Sannan sai ka girka manhajarta a kan Palm ta hanyar kwamfuta, da HotSync, wato tsarin da ke musayar bayanai tsakanin Palm da kwamfuta, domin kyamarar ba ta zuwa da manhajar a cikinta. Ka maƙala ta a gindi, kuma tunda a gindin take, dole ka juya Palm ɗin, ƙasanta ya fuskanci abin da za ka ɗauka, maɓallan su koma can gaba. Maɓallin kalanda shi ne ya zama na ɗauka: dannawar farko hoto ya bayyana a allo, ta biyu ya ɗauka. Daga nan sai jira, domin hoton zai bi ta wannan tsohon baki mai tafiyar hawainiya kafin ya shiga ma'adanar Palm, kuma sai ya gama shiga za ka iya ɗaukar wani. Yaron da ka ce ya tsaya ya yi murmushi ya riga ya kai ƙofar gida. In ka gama kuma kana son kwashe hotunan, sai ka cire kyamarar tukuna, domin ta toshe bakin da za ka ɗora kan mazauni.

Eyemodule kuwa zura ta kawai za ka yi. Tsarin Springboard an yi shi ne yadda kowane kayan aiki ke ɗauke da manhajarsa a cikinsa, da ya shiga ramin manhajar ta tashi da kanta. Babu batir na daban, daga Visor take shan wuta. Kanta kaɗai ke leƙowa a sama, idon yana kallon gaba, ka riƙe na'urar yadda ka saba riƙe ta, ka danna ɗan maɓallin da ke jikin kyamarar. Tana iya kwana a ciki, ka sa a aljihu tare, ka ɗora kan mazauni ba tare da ka cire komai ba. Ni a ganina wannan ya fi yawan ɗigo daraja, domin kyamarar da sai an lalubo ta a jaka an harhaɗa, ba kasafai ake ɗaukar hoto da ita ba. Tana da nata aibin: tana cinye batirin Visor da wuri, kuma ramin ɗaya ne tak, muddin tana ciki ba wurin ƙarin ma'adana ko wani abu.

A 2001 aka fito da Eyemodule2, ita ma ta kai 640 da 480, ta ƙara da ɗaukar ɗan gajeren bidiyo, a kan kusan dala 200. Daga nan fifikon da Kodak ke da shi a takarda ya kau. Kodak ita ma ta yi wasu nau'o'in PalmPix don Palm m100 da kuma jerin m500, kuma a nan ne tarko na biyu yake gare ka: sunansu ɗaya, amma bakinsu da siffarsu ba ɗaya ba. Wadda kake nema ita ce ta jerin Palm III. In mai sayarwa bai fayyace ba, ka nemi ya turo hoton bakin da na kwalin.

Akwai kuma maganar allo, wadda masu saye kan manta. Allon IIIxe ɗinka ɗigo 160 ne ta kowane gefe, kuma toka-toka yake nunawa. Ke nan hoton mai launi ne, amma kai ba za ka ga launin ba sai ya isa kwamfuta. Abin da za ka gani lokacin saiti wasu inuwoyi ne masu birkicewa in ka motsa hannu. Za ka gane inda kan mutum yake, ba za ka gane ko ya rufe ido ba. Haka abin yake a Visor Deluxe. Masu launi a wancan zamani su ne Palm IIIc mai launuka 256 da Visor Prism mai 65,536, dukkansu na 2000, kuma kallon hoto a Prism ya fi armashi nesa ba kusa ba. Amma waɗannan biyun batirin caji ne a cikinsu, wanda bayan shekaru fiye da ashirin da wuya ka samu mai rai, sai an buɗe an sauya. Ta wannan fuska IIIxe ɗinka ta fi sauƙin riƙo, AAA biyu ne kawai, ga ma'adana megabait 8 da za ta ɗauki hotuna masu ɗan dama.

Ka kiyaye abu ɗaya: waɗannan na'urori ba sa riƙe abin da ke ma'adanarsu in wuta ta yanke gaba ɗaya. Batir ya mutu ka bar shi kwanaki, ko ka yi nawa wajen sauyawa, sai ka kunna ka tarar da ita wayam, hotuna da manhajar PalmPix duk sun tafi. Shi ya sa hanyar kwashewa zuwa kwamfuta ba zaɓi ba ce, kuma ita ce mafi wuyar sha'ani a yau. Manhajojin an rubuta su ne don kwamfutocin wancan lokaci. Mazaunin Palm III tsohon baki mai ƙusoshi tara yake amfani da shi, wanda kwamfutocin yanzu ba su da shi, sai da 'yar wayar da ke mayar da shi USB. Na Visor USB ne tun asali, amma wannan bai sa sabuwar Windows ta gane shi kai tsaye ba. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka samu tsohuwar kwamfuta mai Windows XP ka ware ta don wannan aiki.

Ba kuma za ka samu kamfanin da zai taimaka maka ba. Zamanin waɗannan kyamarori bai yi tsawo ba: tun a Nuwamban 2000 Sharp ta fitar da wayar J-SH04 mai kyamara a Jafan, a 2003 Palm ta saka kyamara a jikin na'urarta Zire 71, a shekarar kuma Handspring ta koma ta haɗe da Palm, bayan ta riga ta karkata ga wayoyin Treo da ba su da ramin Springboard.

Ga shawarata. Da ba ka da komai a hannu, da na ce ka nemi Visor da Eyemodule2, ita ce za ka ji daɗin wasa da ita. Eyemodule ta farko sai in don ajiya a kabad kake so. Amma tunda IIIxe ce a hannunka, PalmPix ta jerin III ita ce taka, kuma hotonta ba ya jin kunyar na Eyemodule2. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya buɗe gidan batirin ya ɗauko maka hotonsa, domin da yawa an ajiye su da batir a ciki ya zube ya cinye ƙarafan, za ka ga farin gari ko kore a jikinsu. Ka tambaye shi ko faifan manhajar yana nan, kuma ko ƙugiyoyin da ke riƙe ta a jikin Palm ba su karye ba. In ya ce bai gwada ta ba, ka taya ta a farashin wadda ba ta aiki.