Wata cibiyar kula da masu taɓin hankali a Yamai: jinya mai kyau, sallama babu bibiya

Cibiyar da ta yi jinyar ɗan ƙanena ta cancanci yabo muddin majinyaci yana kwance a cikinta. Ɗakunan suna da tsabta, ma'aikatan jinya suna kiran majinyaci da sunansa, kuma ban ga an ɗaure kowa da sarƙa ba, abin da har yanzu ake yi a wasu gidajen magani na gargajiya. An ɗora ɗan ƙanen nawa kan haloperidol, wani maganin taɓin hankali, likita ya yi mana bayani da Hausa cewa taurin wuya da rawar hannu aikin maganin ne, ya kuma ba shi abin da ke rage su.

Rauninta yana farawa ne ranar sallama. An miƙa mana takardar magani da ranar dawowa da aka rubuta da biro a bayan kati, ba tare da lambar wayar da za a kira cikin dare ba, ba kuma wasiƙa zuwa asibitin unguwa. Gidanmu yana Tawa, tafiyar da ta haura kilomita 500, amma babu wanda ya tambaya ko maganin yana samuwa a can, ko wa zai riƙa yi masa allurar maganin da ake yi wata-wata. Da ranar ta wuce bai zo ba, babu wanda ya neme shi. Ya bar magani, ya koma shan tramol, barci ya ƙaurace masa, har wata safiya ya fasa kan maƙwabcinmu da taɓarya.

Daga nan kowa ya kama wanke hannunsa. Dokar laifuffuka ta Nijar ba ta hukunta wanda hankalinsa ya gushe lokacin da ya aikata laifin, kuma wannan adalci ne, domin yawancin masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su ne ma aka fi zalunta. Cibiyar ta ce ya bar hannunta lafiya lau, iyali ne suka yi sakaci. Iyalin, waɗanda ba a taɓa koya musu alamun dawowar ciwo ba, su suka biya kuɗin ɗinki da na magani, su kuma suka je ban haƙuri gaban mai unguwa.

Ina ba da shawarar cibiyar ga mai neman gado cikin gaggawa, amma kada ya karɓi sallama sai an rubuta masa sunan ma'aikacin da zai bibiyi majinyacin, da asibitin da zai yi allurar a garinsu.