Mai gyaran kwamfuta a hanyar Emir Yahaya, yaron ya san diski

Duk mai tsohuwar kwamfuta mai diski biyu da ke son a ɗora mashi Ubuntu (wani nau'in Linux, wato babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows) kusa da Windows, shawarata ya tahi wajen wani matashi mai ɗan shago a hanyar Emir Yahaya nan Sakkwato. Tawa akwai SSD (sabon nau'in diski mai sauri) akwai kuma tsohon diski mai takardun karatuna da hotunan gida, wani mai gyara ya fara ɗora min, ana zare filash ɗin da ya ɗora Ubuntu da shi sai ta ƙi tashi, baƙin allo kawai da rubutun grub rescue, alamar GRUB (manhajar da ke tada Ubuntu ko Windows in anka kunna kwamfuta) ya samu matsala.

Wanga yaro bai taɓa komai ba sai da ya tantance wane diski ne wane. Yac ce min "yaya, lambar da BIOS ke ba diski daban take da sunan da Linux ke ba shi". BIOS, wato manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, na kiran diski na farko 0x80, GRUB ya ce mashi hd0, na biyu hd1, shi ko Linux sda da sdb yake cewa gwargwadon wanda ya fara gani wajen tashi, to ba dole ba ne hd0 ya zama sda, kuma in anka tashi daga filash sau da yawa filash ɗin ne ke zama hd0 sai lissafi duk ya goce, a nan mai gyaran farko ya rubuta GRUB inda bai dace ba.

Abin da ya burge ni, ya buga lsblk (umarnin da ke jero diskin da ke cikin kwamfuta) ya fito da girma da siriyal lamba na kowane diski, ya shiga BIOS ya gwada su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a takarda, sannan ya ɗora GRUB ta sunan da ke cikin /dev/disk/by-id wanda ba ya canzawa, ya duba fstab (fayil ɗin da ke gaya wa Linux ɓangarorin diskin da zai buɗe wajen tashi) ya tabbatar UUID (lambar shaida ta kowane ɓangaren diski) ne a ciki ba sda ba. Wallahi ko fayil ɗaya ban rasa ba, Allah ya saka mashi da alheri.

Sai dai shagon matsattse ne, in anka ɗauke wuta zafin garin nan sai ya hana ka zama, kuma baya rage kuɗi ko ka roƙa. Baya gaggawa, kada ka je kana sauri. Ku tahi da hantsi da cajarku, ku kwashe muhimman fayil a filash tun daga gida don shi ma sai ya tambaya kafin ya fara.