Mai ɗinkin balo na gefen Kasuwar Dole

Ƙwallon da na saya wa ɗana da ƙaramar salla ba ta yi wata biyu ba ta sace. Ya shigo gida da ita a hammata bayan la'asar, ta lotsa kamar tsohuwar ƙwarya, idonsa ya yi ja. Jika 7, wato sefa 7,000, na ba da a kanta, kuma duk wanda ke karɓar albashi a garin nan ya san jika 7 ba abin yarwa ba ne. Uwarsa ta ce a haƙura sai wata sallar. Ni kuwa na tuna da wani dattijo da nake wucewa ta gabansa a gefen Kasuwar Dole ta nan Damagaram, cikin layin masu gyaran takalmi, wanda kullum akwai wata tsohuwar balo rataye da igiya a bakin rumfarsa. Wannan balon ita ce allon shagonsa, ba shi da wani rubutu.

Rumfar ƴar ƙarama ce, langa-langa a sama, buhu a gefe don tare rana. Shi yana kan buzu, gabansa akwatin katako da ya sha hannu har ya yi baƙi. A ciki akwai basilla, allurai masu lanƙwasa, ƙullin zaren nailan, guntun kakin zuma, gwangwanin gam, da yankakkun robar tayar keke. Gefensa famfon keke da wata tasa mai ruwa rabi. Ya ce mini shi baduku ne na gado, mahaifinsa kube da layu da kayan doki yake ɗinkawa da fatar majemar garin nan. Da aikin fata ya ja baya sai ya koma takalmi, yaran unguwa kuma suka ja shi cikin ƙwallo.

Na yi sallama muka gaisa, na miƙa masa. Bai tambaye ni abin da ya same ta ba. Ya juya ta a hannu, ya danna babban yatsa a kan layin ɗinkin, ya kai ta kusa da ido.

"Malam, wannan ta ɗinki ce. Za ta tashi."

"Baba, akwai wadda ba ta tashi?"

"Ta liƙi. In ka kawo mini ita, sai dai in ba ka haƙuri."

Na zauna a kan wani bulo na kalli aikin daga farko har ƙarshe, kuma abin da na gani shi ya sa nake wannan rubutu. Ya nemi gaɓa guda ya warware zarenta da bakin reza a hankali, ba tare da ya taɓa fatar ba, ya buɗe kamar tsawon yatsa biyu. Ta nan ya zaro robar ciki, ya ɗan hura mata iska, ya nutsa ta cikin tasar. Muka zuba ido. Can sai ga ƴan kumfa suna tasowa a jere daga wuri guda. Ya sa yatsa a wurin, ya goge, ya kankare da guntun takarda mai ƙaiƙayi, ya shafa gam, ya ajiye ya sha iska kafin ya ɗora faci. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya nan ba. Ya zura hannu cikin fatar yana lalube, sai da ya ciro tsinin ƙayar aduwa da ya karye a ciki. Ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce da an bar wannan, gobe da yamma yaron zai sake dawowa da kuka.

Rufe bakin shi ne gwanintar. Ita ƙwallon ɗinki a juye ake ɗinka ta, ciki a waje, sai an kusa gamawa a juyo ta, don haka zaren duk yana ɓoye. Gaɓar ƙarshe kuwa dole daga waje za a rufe ta. Ya ja zaren cikin kaki sau uku, ya sa allura biyu, kowace ta bi tsohon ramin da ke jikin fatar, bai huda sabo ko ɗaya ba. Ya bar ɗinkin sako-sako har ya kai ƙarshe, sannan ya bi yana ja ɗaya bayan ɗaya da bakin basilla, bakin ya haɗe, zaren ya nutse ciki. Da ya buga mata iska na nemi wurin na rasa. Dala 100 ya karɓa, wato sefa 500.

Irin ƙwallon da yake so ita ce wadda muka taso muka gani a hoto: yanki 32, baƙaƙe 12 masu kusurwa biyar, farare 20 masu kusurwa shida, ƙirar da Adidas ta fitar da sunan Telstar a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko. Mafi yawan na ɗinkin hannu daga birnin Sialkot na Pakistan suke fitowa. Daga 2006, da aka buga gasar Jamus da ƙwallo mai yanki 14 da aka haɗa da zafi ba zare, sai Jabulani ta 2010 mai yanki 8, masu kwaikwayo suka cika kasuwanninmu da masu ƙyalli waɗanda aka zana musu layi kamar ɗinki alhali liƙi ne. A kan ciyawa wataƙila su yi ƙarko. A filayenmu na Damagaram, tsakuwa da dutse da ƙaya, fatar sama ke fara saɓulewa kamar ɓawon albasa. Ya nuna mini guda uku a bayansa da masu su suka bari, ba abin da zai iya yi musu.

Ƙanshin kakin nan ne ya mayar da ni Birni, tsohuwar unguwar garin nan. A can aka haife ni a 1980, a wani lungu da bai fi tafiyar minti biyar zuwa ƙofar fadar Sarki ba. Mu tamaula muka fara bugawa. Tsohuwar safa ake samu, a cusa mata tsumma da leda har ta yi tauri, a murɗe bakin, a juyo ragowar safar ta rufe, a ɗaure da zaren buhu. Yayana shi ne gwanin ɗauri, tasa takan yi mako guda ba ta kwance ba. Ba ta tsalle, ba ta tafiya nesa, shi ya sa duk yaron da ya koyi wasa da ita ƙafarsa ke iya riƙe ƙwallo a wuri ƙanƙane. Lungun namu faɗinsa bai wuce taku huɗu ba, katangar ƙasa hagu da dama, kuma katangar ma ƴar wasa ce: ka buga mata, ka zagaye mutum, ta dawo maka.

Dutse biyu ne raga, ko takalman wanda ya zo da takalmi. A ci biyar a juya, a ci goma a tashi. Bugun kwana uku fenariti ɗaya. Ƙwallon da ta wuce sama da hannun mai tsaron gida ba ta shiga ba, kuma a kan wannan dokar aka fi dambe. In jaki ya shigo da kaya ko dattijo zai wuce, kowa ya tsaya inda yake. In ta faɗa gidan da ba a shiga, sai a tura mafi ƙanƙanta a cikinmu ya yi sallama ya roƙo. Akwai wata tsohuwa da ta taɓa dawo mana da ƙwallon roba a tsage gida biyu saboda ta zubar mata da garin da ta shanya. Mun yi kuka ranar, amma da na girma na san darajar tiyar hatsi, na daina ganin laifinta. Kiran sallar magariba shi ke tashin wasa ko ana kunnen doki. Da dare in akwai farin wata sai langa da ɓuya, ƴan mata na gefe suna gaɗa. Da rana, tsakanin lakwal da makarantar allo, gare muke korawa ko mu ƙera motar kara.

Ƙwallon fata ta farko da na taɓa da ƙafata ta zo ne bayan gasar cin kofin duniya ta 1990. Mun kalli Kamaru ta ci Ajantina 1 da 0 a wasan buɗewa, a talabijin marar kala ta wani maƙwabci, muna zaune a ƙasa kamar tumaki. Roger Milla, mai shekara 38, ya ci ƙwallo 4 a gasar, yana zuwa bakin tutar kwana yana rawa, har suka kai wasan kusa da na kusa da na ƙarshe Ingila ta fitar da su 3 da 2. Bayan wannan ba wanda ya ƙara yarda da tamaula. Muka kafa asusu a gwangwanin madara, dala-dala, daga kuɗin tallan ruwa da ɗaukar kaya ranar Alhamis. Wata biyar muna tarawa, kuma abin da muka iya saya tsohuwa ce da ta sha faci. Mukan shafa mata man shanu wai kada fatar ta tsage, da damina ta sha ruwa ta yi nauyi, in ka sa mata kai sai ka ga taurari. Kwana take zagayawa, yau gidan wannan gobe gidan wancan. Ranar da ta kwana a wurina, a ƙarƙashin kaina na sa ta. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗin duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi, zancen sabuwa ya mutu. Wannan tsohuwar muka yi ta kai wa wani baduku a unguwar Zango har ta koma ba a gane asalin launinta.

Takalmi kuwa sai dai mu gani a ƙafar manya. Yayyenmu kan ba mu labarin shekarar 1984 da ƙungiyar Espoir ta garin nan ta ɗauki kofin ƙasa, mu kuma mu je filin wasa mu leƙa ƴan wasa suna ɗaure igiya. Namu ƙafa ce tsirara, babban yatsa kullum a fashe, a barbaɗa masa ƙasa a ci gaba. Wanda ya samu sarari ya sayi takalmin roba mai maɓalli, in ya tsinke a sa wuƙa a wuta a liƙe shi da guntun wani tsohon. Abokina guda da kawunsa ya kawo masa takalmin ƙwallo daga Kano, raba shi muke yi: shi bahago ne ya sa na hagu, ni in sa na dama.

Wannan ya kawo ni ga aiki na biyu, wanda a nan ne nake da ƙorafi. Da na ga yadda ƙwallon ta yi, sai na kai masa takalmin yaron, na bosho ne, wato gwanjo, da na saya jika 4, ƙasansa ya fara buɗe baki ta gaba. Ya ce in dawo jibi. Na dawo jibi, rumfa a rufe, maƙwabcinsa ya ce ya tafi suna ƙauye. Ba shi da waya, don haka duk zuwa sai ka biya kabu-kabu ka je ka gani da idonka. Zuwa na uku na tarar bai taɓa shi ba. A na huɗu na karɓa, kwana tara ke nan, kuma gam kawai ya sa. Zafin ƙasar watan Afrilu bai bar gam ɗin ya yi mako ba, na dama ya sake buɗewa a tsakiyar wasa. Na koma raina a ɓace. Bai yi musu ba. Ya ce, "Laifina ne, Malam. Na ga robar ta tsufa, na ji tsoron basilla ta tsaga ta." Ya zauna nan take ya zagaye gaban da ɗinki, ramuka a jere ba su matsu da juna ba, bai karɓi ko dala ba. Wannan ɗinkin yana nan har yau. Amma da tun farko ya gaya mini tsoron da yake ji, da na zaɓa da kaina, kuma da yaron bai rasa wasannin makarantarsu biyu ba.

Wani abin kuma, ba ya faɗin kuɗi kafin aiki. In ka tambaya sai ya ce a bari a gama. Ni bai cuce ni ba, jika 1 na ba shi na takalmin ya yi godiya, amma mutum mai ƴan kuɗi ƙididdigaggu a aljihu yana so ya san inda ya dosa. Ka matsa masa ku yi ciniki tun farko. Wurin zama ma babu sai bulo guda, kuma in rana ta take buhun nan ba ya tare komai.

Duk da haka, wanda ke da ƙwallon ɗinki da ta sace, ko zarenta ya tsinke, ko bakin iskarta ke yoyo, can zan tura shi. Ka je da safe, kada ka je ranar Alhamis don cinkoson kasuwa, kuma ka zauna a yi aikin a gabanka maimakon ka bari. In sabuwa za ka saya, ka matsa gaɓar da yatsu biyu kafin ka biya: in ka hango zare a ciki, ta gyaruwa ce. Ya kuma ba ni shawarar kada a cika mata iska ta yi tauri kamar dutse, kada a bar ta a rana, kuma a daina zama a kanta, don abin da ke sa ta zama kamar ƙwai ke nan. Game da takalmi ya ce masu dogayen haƙora na ciyawa ne, a ƙasarmu mai tauri gwiwa suke ci, gara masu ƙananan haƙora da yawa.

Ƙwallon ta shiga wata na uku tun gyaran. Yaran layinmu a Sabon Gari su goma sha ne ke bugunta kullum bayan la'asar, kuma na ji sun fara rabon kwana da ita ba tare da kowa ya koya musu ba. Takalmin hagu ya fara ɗaga baki shi ma. Ranar Litinin da safe zan kai, tare da yaron, don ya ce yana so ya ga yadda ake ɓoye zaren.