Shokazobar baya ta kasuwa a hanyar Saminaka: tana kai mutum gida, amma da sharaɗi

Shokazobar da muke magana a kai ita ce irin wadda ake samu a shagunan kayan babur na bakin titi, mai jan sifirin, kwalinta ba sunan kamfanin da aka sani. Mun ɗaura ta a Pambeguwa a kan babur Boxer mai ɗauke da mutum biyu da kaya, a hanyar Kaduna zuwa Jos, bayan tsohuwar ta dama, wadda ta daɗe tana aiki, ta zubar da manta. Ta kai babur Jos ta dawo da shi Kaduna lafiya. A matsayin ta fita kunya ta yi, amma ba za mu ba mai ɗaukar kaya kullum shawarar ya zauna da ita ba.

Da yawa ba sa gane shokazoba ta mutu, domin babur yana nan tsaye da tsayinsa. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi, shi kuwa da wuya ya karye. Abin da ke mutuwa shi ne na ciki: fistin da ke tura mai ta wasu ƙananan ramuka, wanda ke hana sifirin yin ta tsalle. Ƙura ta cinye sil, wato robar da ke hana mai zuba, ko tsatsa ta yi wa sandar ƙarfen tabo ta yaga shi, sai mai ya fara fita. A doguwar hanya abin ya fi sauri, saboda man yana zafi ya tsinke, ga nauyi, ga ramuka. Alamun ba sa ɓuya. Baya zai riƙa lilo bayan kowane rami, a kwana babur ya yi ta kaɗa gindi, in an faɗa rami mai zurfi a ji ƙas, wani lokaci har taya ta gogi madigadi. Ka tsaya ka danna kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, da ƙarfi ka saki. Mai lafiya sau ɗaya za ta taso ta tsaya. In ta yi sama da ƙasa sau biyu ko uku, ta gama. Ka duba jikinta kuma: danshin mai da jar ƙasa ta manne a kai ya isa shaida. Idan ƙara kawai kake ji, babu mai, babu lilo, to robar ido ce, wato ta cikin zoben da kusa ke shiga a sama da ƙasan shokazoba, ta cinye, kuma ita kaɗai za a canza.

Wajen saye ne aka fi yin asara. Mai shago zai ce, “Malam, duk ɗaya ne, ta Boxer ce.” Kada ka karɓa sai ka gwada. A cire tsohuwar a ajiye ta kusa da sabuwar, a auna daga tsakiyar idon sama zuwa tsakiyar idon ƙasa. Bambancin milimita 5 ba komai. Ya wuce 10, a nemo wata. Doguwa tana ɗaga baya, sarƙa ta yi sako-sako in babur ba kowa, mutum ya ja ta, sannan da an hau ta ɗaure tamau ta ci haƙoran sifoket. Gajeruwa kuma tana kusanto da taya ga madigadi. A duba faɗin ramin idon ma, yawanci milimita 10 ne ko 12. Wadda muka saya ramin nata ya ɗan fi faɗi, sai da aka ciro ƙaramin bututun ƙarfen da ke cikin tsohuwar robar aka saka mata. In aka bar wannan gibin, ƙara ba za ta daina ba, kuma kusar za ta lalace.

Biyu ake saye, ko da ɗaya ce ta mutu. Sabuwa a dama, tsohuwa a hagu, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, ƙarfen da ke riƙe da tayar baya zai riƙa murɗewa, sabuwar kuma ita za ta ɗauki wahalar duka ta mutu da wuri. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya sa ɗaya ya lallaɓa zuwa gari na gaba, amma ya rage gudu sosai.

Aikin kansa bai fi rabin awa ba. Ana buƙatar sifana 14 da 17, sai ɗan katako ko dutse, da ruwan sabulu. A kafa babur a sitan ɗin tsakiya a ƙasa mai tauri, a sauke kaya duka, a tura katakon ƙarƙashin tayar baya ya tallafe ta. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan; in aka cire biyun lokaci guda taya za ta faɗi ta ja sarƙa da sandar birki. A sassauta notin sama da na ƙasa tukuna, sannan a zare na ƙasa, sai na sama. A lura da yadda washa suke jere domin a mayar da su haka. Wajen sakawa a fara da sama. In idon ƙasa bai daidaita da mazauninsa ba, a ɗan ɗaga taya da katakon, ba a dukan shokazoba da guduma. Robar in ta yi tauri a shafa mata ruwan sabulu. Baƙin mai da giris suna kumbura roba su ruɓar da ita.

Akwai wurin da ko ƙwararren bakanike yakan yi gaggawa. Yana gama sakawa sai ya ɗaure noti tamau alhali taya na sama. Ka ce masa, “Maigida, a ɗan dakata, a sauke shi tukun.” A ɗaure da hannu kawai, a sauke babur ƙasa, mutum ya zauna a kai, sannan a ƙarasa ɗaurewa. Haka robar za ta zauna a inda za ta yi aiki, ba a murɗe ba, kuma ta fi daɗewa. Kada a yarda a ƙara wa sifana bututu don ƙarin ƙarfi. Kusar sama a manne take da jikin babur, in ta tsinke sai an nemi mai walda, a ƙauye kuwa wannan na iya cin yini. Ga mai sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, Nm 30 zuwa 40 ya ishi kusa mai milimita 10.

Wasu za su ce a huda tsohuwar a ɗura mata baƙin mai a toshe. Sil ɗin da ya zubar da na farko shi zai zubar da na biyu, kafin Saminaka an koma gidan jiya. Mai gas a ciki ma huda ta haɗari ne.

A ƙasan sifirin akwai matakala, yawanci hawa 5, ta ƙara masa tauri. Mutum ɗaya ba kaya, hawa na 2 ya yi. Da goyo da kaya, na 4 ko na 5. Dole gefe biyu su zama a hawa ɗaya. In an zauna, baya ya sauka kamar milimita 25 zuwa 30. Daga nan a duba sarƙa, wasanta a tsakiya ya zama milimita 25 zuwa 30, a taka birkin baya a tabbatar yana kamawa yana saki. Bayan kilomita 50 a tsaya a sake gwada noti huɗun.

A kan hanya, rabin awar farko ba a raba ta da ta asali. Lilon ya tafi, kwana ta koma daidai. Bayan an daɗe ana cin ramuka ne halinta ke fitowa: jikinta ya yi zafi, ta yi laushi, baya ya fara ɗan tsalle, sai an huta ta huce ta dawo. Sifirin ɗinta ma ya fi na asali taushi, shi ya sa da goyo sai an kai ta hawa na ƙarshe, kuma duk da haka babban rami yana kai ta ƙasa. Robar idon ita ce mafi rauni, da muka dawo Kaduna ta riga ta fara tsagewa. Kwalbar da ke maƙale a gefenta kuwa ba ta haɗe da komai a ciki, ado ce kawai, kada ta sa a ƙara maka kuɗi.

Mai hawa shi kaɗai a cikin gari, daga Kawo zuwa Kakuri, zai iya ci gaba da amfani da ita, ya canza robar da mai kyau, ya riƙa wanke ƙura daga sandar. Mai ɗaukar buhuna ko mai yawan bin hanyar Zariya da Kano ya nemi ta asali wajen dillalin kamfanin da zarar ya dawo, ya je da lambar kayan da ke cikin littafin babur. Ta kasuwar a ajiye ta a tsaye, kanta sama, a wurin da ba danshi, za ta yi amfani a wata tafiyar.