Hattara da mai tallan shakazoba "mai saiti", masu tayar da tsohuwar Fijo 504

Assalamu alaikum jama'a, musamman ku masu tayar da tsofaffin motoci, 'yan Fijo 504 da 505 da masu Benz 200 har da masu Bitil. Akwai wani bawan Allah da yake yawo a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp yana tallan shakazoba, wato shok, wai mai saiti, irin wanda za ka murɗa ka ƙara mai tauri ko ka sassauta shi, yana cewa kai tsaye daga Holan aka sauke mai kaya. Wallahi ƙarya ne. Tsofaffin shok ne da suka gama aiki ake wankewa a fesa musu jan fenti a manna sitika, sannan a liƙa musu wani ɗan maɓalli a gindi wanda bai haɗu da komai ba a ciki. A garejinmu na ga abin da idona, kuma ba a mota ɗaya ba.

Yadda yake yi kuwa, ba ya bin kowa, sai ya ga ka ɗora hoton motarka an ɗaga ta an kwance ƙafafu, kana murna kana cewa ana aiki, to a ranar zai shigo maka inbos. Zai fara da yabon motar, "Alhaji na wannan ai sai ku, irin wannan bodi yanzu ba a samu", daga nan ya tambaye ka wane shok za ka sa, kana cewa na kasuwa sai ya ce haba yallaɓai ka kashe wannan kuɗin a fenti da kujeru sannan ka sa mata shok ɗin tasi? Sai ya turo bidiyo, hannu ne kawai a bidiyon babu fuska, yana murɗa maɓallin kana jin ƙas ƙas ƙas, ga kwali mai kyau a gefe. Kuɗin da zai faɗa bai kai rabin na gaskiya ba, kuma kullum saiti biyu ne suka rage, kuma kullum akwai wani mutumin Abuja da ya ce a ajiye mai amma bai turo kuɗi ba tukuna. Shago kuwa babu. In kana Kano ya ce yana Legas, in kana Legas ya koma Kaduna, ka ce za ka turo ɗan uwanka ya duba sai ya ce ai kayan suna sito kuma mai mukulli ya yi tafiya. Ka tura rabi a yi maka webil, in kaya sun iso tasha ka cika sauran kafin direba ya sakar maka. Kuma kayan suna isowa fa, abin da ke sa mutane sakin jiki ke nan, tunda ɗan damfarar da muka saba da shi ana jin alat yake ɓacewa.

Wani dattijo ne ya kawo mana 504 salun ta mahaifinsa, irin haɗin Kaduna, ya ce so yake a mayar da ƙafarta kamar ranar da ta fito daga masana'antar Fijo da ke Kakuri. Muka canza bushin gaba ɗaya, boljoyin, tayarod, sifirin na baya da suka zauna, shi kuma ya zo da shok ɗinsa a kwali yana ta fara'a. Yaron da ke koyon aiki a wajena ne ya fara tsarguwa, ya ɗauki ɗaya yana juya shi ya ce oga wannan fa warin fenti yake. Na karɓa na kankare da farce kusa da idon ƙasa, ja ya tashi, baƙi ya fito a ƙarƙashi, ƙarƙashin baƙin kuma tsatsa. Sandar cikin da ya kamata ta riƙa ƙyalli sumul duk ta yi zane-zane, an goge ta da sanfefa. Na ce Alhaji ka yi haƙuri ni ba zan ɗaura wannan ba sai mun gwada. Ransa bai so ba, ya ce malam kai dai ɗaura kawai, mai kayan ya ce bakanikenmu na nan ba su san irinsa ba. Kun ji fa, tun kafin kaya su iso ya riga ya toshe wa mutum kunne daga maganar bakanike.

Muka mayar da maɓallin ƙarshen hagu, yaro ya taka ƙasan ni na ja sama, muka mayar da shi ƙarshen dama muka sake ja, duk ɗaya, ko ɗan bambanci babu. Na biyun ma da ka ja shi sai ya taho fululu kusan faɗin yatsa biyu kafin ya kama, alamar iska ta cika ciki mai ya ragu. Da Alhaji ya gani da kansa sai ya ce a fasa ɗaya. Muka fara huda shi a hankali don in akwai gas ya fita, kuma don Allah kar wani ya ɗauki garanda ya yanka shok kai tsaye, masu gas ɗin naitirojin ne a matse a ciki, zai iya yi wa mutum illa a fuska. Babu gas ko kaɗan. Abin da ya zubo wani baƙin mai ne mai kauri mai warin man giya, an huda jikin an ɗura shi an toshe da walda an shafe da fila. Maɓallin kuwa noti ne aka yi wa walda a jikin bututun daga waje, a ciki an sa ɗan sifirin irin na biro da ƙwayar boris guda ɗaya, ita ce ke ba da ƙas ƙas ɗin nan. Bututun ko huda shi ba a yi ba a wajen.

Bari in ɗan yi bayanin yadda na gaskiya yake aiki don wanda bai sani ba. Shok ba shi ke ɗauke da nauyin mota ba, aikin sifirin ne wannan. Shi aikinsa ya hana sifirin ɗin ci gaba da rawa bayan an faɗa rami. A cikinsa akwai fistin da mai, fistin ɗin na da ƙananan ƙofofi da bawul, man na bi ta ciki da ƙyar, wannan ƙyar ɗin ita ce taurin da kake ji. Mai saiti na gaskiya in ka murɗa shi, ko dai ƙofar da mai ke bi kake ragewa ko kana ƙara matse bawul ɗin, shi ya sa dole hannunka ya ji bambanci tsakanin ƙarshe da ƙarshe, ba sai an kai shi wani inji ba. Man ciki kuma siriri ne, an yi shi don kar zafi ya canza shi sosai. Man giyan da suke ɗurawa da safe zai yi tauri kamar gaske, kana hawa gargada na ɗan lokaci ya yi zafi ya tsinke ya yi kumfa, shi ke nan mota ta koma lilo.

Sitikar da yake mannawa ta Koni ce, kamfanin Holan, su ba ruwansu, sunansu kawai aka sata. Kuma ko a nan ma ya tona wa kansa asiri, don yawancin jajayen Koni na tsofaffin motoci ba su da wani maɓalli a gindi. Sai ka cire shok ɗin daga mota, ka cire robar da ke kan sandar in akwai, ka danne shi har ƙasa, ka juya a hankali har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka murɗa dama ya ƙara tauri, hagu ya sassauta, kuma taurin miƙewa yake canzawa, wato lokacin da shok ke buɗewa bayan ya danne. Masu maɓalli a jiki da ake murɗawa shok na kan mota akwai su, irin su Spax da GAZ na Ingila, amma shi gogan naka ya ɗauki kalar wannan ya haɗa da maɓallin wancan. Sannan kamfanonin kirki suna buga lambar kaya a jikin ƙarfen kansa, nasa kuwa lambar a sitika kawai take, huɗun duk lamba ɗaya, na gaba da na baya.

Wannan ya kawo ni kan babbar ƙaryarsa, wai shok ɗinsa yana shiga kowace tsohuwar mota. Ina! Ita 504 kanta ba ƙafa ɗaya gare ta ba. Motar ta fito a Faransa a 1968, PAN, kamfanin Fijo na Najeriya, ta fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975 kuma aka ci gaba da yin 504 a nan har bayan shekarar 2000, an daɗe da daina ta a Turai. Gabanta shok ɗin a cikin sifirin yake, ƙafar gaba ɗaya abu guda ce, ba irin na baya ba ne da za ka kwance noti sama da ƙasa ka zare. Bayan kuma ya danganta, salun na farko kowace taya da hannunta, akwai salun mai aksul guda, wagon aksul guda ce da sifirin huɗu saboda kaya, a-kori-kura kuma sifirin ɗin faranti ne. Benz 200 gabanta daban, Bitil ma ko sifirin mai naɗi babu a tsofaffinta, sandar ƙarfe ce ke murɗawa. To ta yaya abu ɗaya zai shiga duk waɗannan? In shok ya yi gajere, duk ramin da taya ta faɗa shi ne zai riƙe ta da ƙarfi har ya tsinke ido ko ya yage mazauninsa, in ya yi tsawo kuma zai daki ƙasansa kafin robar da aka tanada ta tare, bawul ɗin ciki ya farfashe. In ka kira shi ka ce bai shiga ba sai ya ce a kai wa mai walda ya ƙara ko ya rage, kana yin haka kuma ya ce ai kun taɓa kaya ba ya karɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane da yawa sun ɗaura kuma ba su san an cuce su ba, har suna tura mai wasu. Dalili kuwa mai sauƙi ne, mutum ya canza bushin da boljoyin da sifirin da taya ya yi alaimen duk a lokaci ɗaya, dole mota ta yi daɗi ta daina ƙara, sai ya ɗauka shok ɗin ne ya yi aikin, ya ɗauki bidiyo yana godiya, shi kuma ɗan damfarar ya sa wannan bidiyon a tallansa. Sai an hau babban titi ake gane gaskiya. A taka burki gaba ya nutse, a sha kwana bodi ya kwanta, a wuce tudu mota ta yi ta sama da ƙasa sau uku sau huɗu, taya tana tsalle ba ta zama a kwalta, bayan wata biyu ka shafa ta ka ji ta cinye rami-rami. Kuma 504 fa ba ta da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka burki, ba ta da balan-balan ɗin kariya, tayar nan da ke manne da ƙasa ita ce kawai tsaronka. Motar da ta ci gasar Safari a Kenya a 1975 saboda ƙarfin ƙafarta, a zo a ɗaura mata shara, abin da ciwo.

Ni a ganina ma yawancinmu ba ma buƙatar mai saiti. Fijo da kansu suke ƙera shok ɗinsu a wancan zamanin kuma laushin motar nan shi ne daɗinta, in zuwa ɗaurin aure da zagayen yamma za ka riƙa yi da ita, sabon shok na daidai mai kyau ya ishe ka. Mai saiti na wanda ya canza tsayin mota ne ko ya sa sifirin mai tauri ko yake ɗaukar kaya yau gobe babu. In dai ka nace kana so to araha ba ta ado, nemi lambar da ta dace da motarka a littafin kamfanin, ka auna tsohon shok ɗinka a miƙe da a danne daga ido zuwa ido, ka je da tef da bakanikenka inda kayan suke, Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko Ladipo, inda akwai shago da maƙwabta da shugabannin kasuwa da za ka kai wa ƙara. Ka tsayar da shi tsaye ka yi ta ja da dannawa kaɗan kafin ka yanke hukunci, ka gwada ƙarshen laushi da ƙarshen tauri, ka haɗa na hagu da na dama ka ji ko sun yi daidai. Wajen ɗaurawa a fara daga laushi, hagu da dama saiti ɗaya, kuma kar a ƙarasa ɗaure notin bushin mota na rataye, a sauke ta ta zauna kan tayoyinta tukuna, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta yage da wuri a ce kaya ne ba kyau.

Alhaji dai ya tura wa mai tallan hoton abin da muka fasa, amsar da ya bayar ita ce bakanikenka ne ya musanya, daga nan ya yi bulokin ɗinsa. Alhaji ya kai ƙorafi bankinsa da rasit ɗin tiransifa da hoton hirarsu, ya kuma shigar da ƙara wajen 'yan sanda, wanda abin ya shafa shi ma ya yi haka da wuri, EFCC ma suna karɓar irin wannan ƙorafin, kuma kar ku goge hira ko ku yar da kwalin da takardar webil. Ban sa lambarsa ko sunan akawun ba saboda canza su yake yi, sunan da ya fito wa Alhaji daban da wanda ya fito wa wani mai Benz da ya zo mana daga baya, ƙila ma akawun ɗin wasu bayin Allah ne yake ara. Na mai Benz ɗin ruwan ɗorawa aka fesa musu maimakon ja, an canza sitika, amma notin nan da ƙwayar boris suna nan yadda suke. Don Allah ku tura wa duk wanda kuka san motarsa na kan jak yanzu.