Ganin likitan ƙwaƙwalwa ta waya: yadda ya karɓi tsofaffinmu na ƙauye

Wata 6 ana duba tsofaffi ta waya a ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Kazaure, ya isa a faɗi abin da aka gani. Tsarin ya yi kyau wajen bibiyar wanda likita ya riga ya gani ido da ido. Wajen ganin farko kuwa yana ɗingishi, kuma rabin ingancinsa yana hannun wanda ya riƙe wa tsoho wayar.

Amfaninsa ba ya ɓuya. Likitocin ƙwaƙwalwa suna Asibitin Malam Aminu Kano da Dawanau da asibitin Kazaure. Kai tsohuwa mai ciwon gwiwa can yini guda ne da kuɗin motar mutum biyu, ga tsegumin gari cewa an kai wance Dawanau. Waya ta ɗauke wannan duka.

Kiran farko yakan ci minti 40, na bibiya 15 zuwa 20. Kafin a buga, a tara duk abin da tsoho ke sha a faranti ɗaya, na hawan jini da na sukari da na kemis har da jiƙe-jiƙe, a ɗauki hoto a tura ta WhatsApp. A auna jini da sukari a asibitin sha-ka-tafi a rubuta. Idan ba a yi haka ba, rabin lokacin zai tafi a "wani ƙaramin fari ne, da dare take sha."

Tambayoyin gwajin damuwa na tsofaffi guda 15, masu amsar e ko a'a, sun fi tafiya ta waya a kan wasu tambayoyin gwajin guda 9 da ke neman a ƙirga kwanakin da aka ji alamun damuwa cikin mako biyu. Amma duka biyun ba su kai likita mai jin Hausar ƙauye ba. Tsoho ba ya cewa yana da ciwon damuwa. Zai ce jiki ya mutu, ƙirji ya yi nauyi, barci ya ƙaurace tun tsakar dare. In aka ce "Baba, ya jiki?" amsar alhamdu lillahi ce ko da kwana uku bai ci tuwo ba. Likitocin da suka iya aikin tambaya suke ko yana fita majalisa, ko Iya ta daina zuwa suna da biki, wa ke ba awakinta dusa yanzu. A nan gaskiya ke fitowa.

Babbar matsala kunya ce. Wayar ta ɗa ce ko jika, an sa ta a sifika a tsakar gida, kishiya na jin komai daga madafa. Uwa ba za ta faɗi abin da ke cin ranta gaban ɗan fari ba, balle suruki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin sirri, amma doka ba ta shiga tsakar gida. Abin da ke aiki shi ne a shigar da tsoho ɗaki, a sa masa abin ji a kunne, mai rakiya ya fita na minti 10. Abin jin yana taimakon mai nauyin kunne ma. Ɗaga murya ba ya ƙara komai, magana a hankali ita ce.

Bidiyo yana yankewa inda sabis ba ƙarfi, kiran murya ya fi tsayawa. Sai dai likita yana buƙatar ganin tafiya da rawar hannu, don haka a ɗauki bidiyon rabin minti na tsoho yana tashi daga tabarma yana takawa, a tura tun da wuri.

Inda tsarin ya fi ba da tsoro shi ne magani. Likita zai rubuta maganin damuwa sertraline, a je kemis ɗin gari a ce babu, ga amitriptyline, "duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Amitriptyline yana busar da baki, ya ɗaure ciki, ya riƙe fitsari ga tsoho mai kumburin mafitsara, ya kawo jiri in an miƙe. Diazepam da ake ba marasa barci shi ma yana kayar da tsofaffi, kuma karayar ƙugu a shekara 75 ba ƙaramin abu ba ne. Kada a musanya sai an sake kiran likita. Maganin damuwa kuma yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga canji, shi ya sa iyalai ke jefar da shi a kwana goma su ce bai karɓe ta ba. Bayan an ji sauƙi ma ana ci gaba aƙalla wata 6. Masu tsarin ba sa nanata wannan yadda ya kamata.

Akwai abin da ba na waya ba ne sam. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Amma tsohon da jiya lafiyarsa ƙalau, yau bai san ɗakinsa ba, yana ganin mutanen da babu, yawanci ciwon jiki ne, ba gigin tsufa ba: zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, ƙarancin ruwa a bazara, ko sukari ya faɗi. Wannan a sa shi a mota ranar. Haka wanda ya ƙi abinci gaba ɗaya ko yake maganar kashe kansa.

Lokacin kira mafi kyau hantsi ne, bayan an karya, domin masu gigin tsufa sun fi rikicewa da yamma. A kai waya caji tun ana gobe za a kira, a kuma guji ranar Lahadi in mai riƙe wayar ɗan kasuwar Ɗambatta ne.