Kiwon ƙoƙi-ƙoƙi a gida: abin da za ka saya da abin da za ka samo a gona

Mai son ƙyanƙyasar 'ya'yan ƙoƙi-ƙoƙi a gida, ko don yara su ga girman halitta da idonsu, ko don ya sake su a lambun bayan gida, ba zai kashe kuɗi masu yawa ba. Sai dai inda ya sa ɗan kuɗin nan shi zai nuna ko 'ya'yan za su yi fiffike ko za su ƙare masa cikin mako guda. Ƙwaron ba shi da dafi, saboda haka iyaye su kwantar da hankali. Abin da babban ƙoƙi-ƙoƙi ya fi yi shi ne ya ɗan kama yatsa da ƙayoyin hannunsa.

Mu fara da ƙwan. Macen tana zuba ƙwayayenta cikin wata kumfa da take fitarwa, kumfar ta bushe ta zama ƙunshi mai ruwan ƙasa, manne a jikin kara ko reshe ko bango. Ƙunshi ɗaya na manyan irin da muke gani kan fitar da 'ya'ya fiye da 100. A intanet za ka ga shagunan kayan lambu na Amurka suna sayar da shi, galibi na irin ƙasar Sin da ya shiga can ta wajen birnin Filadelfiya a 1896. Kada ya ba ka sha'awa. Wannan irin ya saba kwana cikin sanyin ƙanƙara kafin ya ƙyanƙyashe, ga wahalar hanya, sannan sakin baƙon ƙwaro a gonakinmu ba abin wasa ba ne. Akwai irin ƙoƙi-ƙoƙi sama da 2,400 a duniya, kuma namu na gida ya fi kowanne sanin zafin Jigawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba da kanka da kaka, lokacin da ake yankan kara: jikin karan dawa, darni, zana, rassan sabara da geza a bakin gona. In ba ka da lokaci, ɗan abin alewa ya isa yaran unguwa su kawo maka. Amma ka ja musu kunne su yanko shi tare da karan da yake manne, kada su ɓamɓare shi. Ka ɗauka ka juya a hannu. Wanda ya yi sakayau, layin tsakiyarsa ya buɗe, tsoho ne, masu shi sun daɗe da fita. Wanda ka ga ƙananan huji zagayayyu a gefensa, wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya riga ka, ya saka nasa ƙwan a ciki. Mai kyau a rufe yake ruf, da ɗan nauyinsa. Akwai kuma masu kama mace mai babban ciki su ciyar da ita har ta yi ƙwai a gabansu. Wannan ya fi daɗin kallo, kuma za ka san ranar da aka yi shi, sai dai in ba ta haɗu da namiji ba ƙunshin na iya zama fanko.

Mazubi shi ne inda ya kamata ka tsaya ka yi tunani ranar kasuwa, ko Wudil ce ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis. Kwalba tana da kyan gani, ana hango komai, amma santsi gare ta, jariran sai su yi ta zamewa, kuma in rana ta taɓa ta ko na ɗan lokaci ta dafa su. A gidan da ke da ƙananan yara ma ga tsoron fashewa. Tukunyar ƙasa ita ce ta fi riƙe sanyi da danshi, abin da ake matuƙar buƙata daga Maris zuwa Mayu sa'ad da zafi kan wuce 40 a ma'auni, to amma cikinta duhu ne. Ba za ka ga ranar da suka fito ba, ba za ka ga tururuwa in ta shiga ba. Kejin raga da kafinta zai haɗa maka yana da iska sosai, ya dace da manya da damina, amma da hunturu iskar ce ke busar da su, kuma ƙananan ƙwarin da jariran ke ci suna ficewa ta idon ragar.

Ni dai babbar robar nan mai haske da masu shago ke zuba alewa ko cingam a ciki nake ba wa kowa shawara. Ba ta fashewa, bakinta na da faɗi, ana ganin ciki, kuma mai shago zai sayar maka da wadda ta ƙare a kan kuɗi kaɗan. Ka wanke ta tas, ka goge cikinta da yashi don ta rage santsi, ka tsayar da 'yan karare da busasshiyar ciyawa a ciki. Robar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, fetur ko kalanzir, ko kyauta aka ba ka, ka bar ta a inda take.

Sai murfi, kuma a nan ne aka fi yin asara. Hannu yakan kai ga tsohon gidan sauro domin yana kusa kuma ragarsa ta yi daidai. To gidajen sauron da ake rabawa a asibiti da magani a jikin zarensu, an yi shi ne don ya kashe ƙwaron da ya sauka a kai, kuma ƙoƙi-ƙoƙi a jikin murfi yake yini a rataye. Ka sayi sabon ƙyallen tatar koko, ko ka yanki tsohon mayafi shara-shara da aka wanke, ka ɗaure bakin robar da kyauro. Haka nan kada a ajiye ta a ɗakin da ake kunna maganin sauro ko yayyafa fiya-fiya.

Ka rataya karan ƙunshin a sama, yadda ka same shi a gona, ka bar sarari kamar tsawon tafin hannu a ƙarƙashinsa. Da ɗumi da ɗan danshi yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, wani ya fi haka. Ranar fitowa za ka ga suna zubowa ta tsakiyar ƙunshin, kowanne yana reto a jikin siririn zare, jiƙe, launinsa fari-fari. Can sai ƙafafu su miƙe, jiki ya yi duhu, su watsu ko'ina a jikin robar, girmansu bai wuce na sauro ba. In babu sararin nan a ƙasa, a naƙashe suke fitowa. Ka ɗora robar a kan faranti mai ruwa a inuwa, domin tururuwa da cinnaka na iya kwashe su a dare ɗaya.

Abinci ba na saye ba ne, amma sai an tanade shi tun kafin su fito, don abu mai rai kawai suke ci. A Turai ana sayar da ƙananan ƙudaje marasa tashi. Kai ɓawon ayaba ko ruɓaɓɓen tumatir a wata robar daban ya ishe ka: 'yan ƙudajen nan masu jan ido za su taru su yi ƙwai, cikin kwana 10 ko kusa da haka sababbi su fito. Ganyen wake mai darɓa ma yana yi, muddin ba a yi feshi a gonar ba. In sun tasa sai ƙudan gida, ƙananan fara da shinge. Ruwa kuwa ba a sa musu a murfin kwalba, nutsewa suke yi. Ka sayi 'yar robar fesa ruwa irin ta masu aski, sabuwa, ka ɗan fesa a jikin ƙyallen, da hunturu kullum, da damina jefi-jefi.

Kafin ka biya kuɗin komai, ka yanke shawarar nawa za ka riƙe, domin suna cin junansu in an cunkushe su. Wanda lambu ne a ransa ya sake su kwana ɗaya ko biyu bayan sun fito, da yamma, a rarrabe cikin ganye, nesa da kaji da ƙadangaru. Ya kuma sani ba sa zaɓen abin da suke kamawa, in sun girma har ƙudan zuma suna ci, saboda haka ba za su tsare masa gonar wake gaba ɗaya ba. Wanda kallo yake so ya riƙe biyar ko shida, kowanne da robarsa, tsayinta ya ninka tsawon jikinsa sau uku. A rataye, kai a ƙasa, suke yin saɓa, sau shida zuwa tara kafin su yi fiffike. In ka ga ɗaya ya ƙi cin abinci ya lafe a jikin ƙyalle, saɓa ce ta matso. Ka fitar da duk ƙwaron abincin da ke ciki, ka hana yara girgiza robar, kada ka ba shi komai sai ya kwana da sabuwar fatarsa.